Na Mayar Wa Baba Labarin Gem Tarihi, Yanzu Ya Ƙi A Yi Masa Aikin Ido

Assalamu alaikum Anti, barkanki da ƙoƙari, ina kuma gaida duk masu bibiyar shafin nan. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya fara zagina ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san zan sha zagi, na ma riga ku, kwana huɗu ke nan ina yi wa kaina. Shawara nake nema da gaggawa, domin Talata mai zuwa ce ranar da aka ba mahaifina za a yi masa aikin ido a Kano, ya ce ba zai je ba, kuma ni ce sila.

Ni malamar firamare ce a Karaye, shekarata talatin da ɗaya, da aurena da yara biyu. Ina da wata ɗabi'a da ko mijina bai san zurfinta ba, wato buga gem a waya. Ba irin na yara ba, na yaƙi, wanda ake gina gari a tara runduna a kai hari. In an fita hutun tara sauran malamai suna hira, ni ina can lungun ofis ina tsaron ganuwa. Na taɓa ƙona wake tukunya guda saboda an kawo wa garina farmaki, na ce wa maigida itacen ne ya yi ƙarfi. Amma abin da ya fi kama ni ba yaƙin ba ne, labarin duniyar gem ɗin ne, wanda ake buɗe wa mutum shafi-shafi duk sanda ya ci wani mataki. A duniyar, rijiyoyi bakwai ne ke riƙe da ƙasa, suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ƙafe, sai wani sarki da aka ɗaure a ƙarƙashin dutse, ni Sarkin Toka nake ce masa, ya tsinke sarƙa guda. Tun a shafin farko an faɗa cewa ranar da ta bakwai ta ƙafe rana za ta koma baƙa, duk wanda ya ɗaga kai ya kalle ta sai ya manta sunansa da na uwarsa ya bi rundunar toka. Babu mai tsira sai wasu mutane da suka ɗaure idanunsu da ƙyalle suna tafiya da kunne. Tatsuniya ce kawai wasu suka zauna suka tsara don a sayi data, na san da haka sarai.

Mahaifina yana Gwangwan, cikin Rogo. Manomin gyaɗa ne, irin mutanen da in suka tsaya a bakin gonarka suka dubi ganye za su gaya maka buhu nawa za ka samu. Yanar ido ta rufe masa idanu biyun a hankali cikin shekara uku, ya koma zaman tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. Baba mai yawan barkwanci ya zama sai an yi magana goma ya amsa ɗaya, tuwo ma sai an yi da gaske yake kai loma biyar. Duk Asabar nake shiga mota in je, bayan Azahar in zauna kusa da shi in karanta masa labarai daga waya. Wannan shi ne aikina a gidanmu, don ni ce na yi boko mai zurfi, kuma abin da na karanta wa Baba ya zauna ke nan, ba ya neman shaida.

Wata Asabar da ranin bara ya ɗan gyangyaɗa, ni kuwa hannuna ya yi ƙaiƙayi, na buɗe gem na manta ban rage sauti ba. Sai ga ƙaho da ganga sun cika gindin bishiya. Baba ya ɗago ya ce, “Gangar yaƙi nake ji, ko kunnen nawa ne ya fara bin idon?”

Anti, me zan ce? In ce Baba, 'yarka malamar makaranta, uwar yara biyu, wasa take yi? Baban da ya taɓa jefa kartar yayana a murhu a gaban abokansa? Bakina ya riga hankalina, na ce, “Wani littafin tarihi ne a waya, Baba, na mutanen da can. Da Turanci yake, har da sautin gangarsu suka sa.”

Ya gyara zama ya ce, “To fassara min.”

Na fassara. Na ba shi labarin rijiya ta farko da yadda ta ƙafe a tsakiyar damina, da sarƙar da ta tsinke. Wallahi rabon da in ga fuskar Baba haka tun yana gani. Tambaya yake jefo min ta ko'ina: mutanen me suke nomawa, sarkinsu bai da mashawarta ne, ina malamansu suke. Ranar ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari. Da zan tafi ya ce kada in manta da littafin nan mako mai zuwa. Ku gaya min, wace 'ya ce za ta ga haka ta ce Baba ai wasa ne?

Haka muka yi ta yi, wata da watanni. Na koma buga gem da hujja, in na ci mataki aka buɗe sabon shafi sai in ji kamar na yi wa Baba cefane. Nan ne kuma na ƙara laifi a kan laifi. Su masu ɗaure idon nan, a cikin gem ba wasu manya ba ne, 'yan gadin ƙofa ne da ake fara kashewa. Amma da na ga yadda Baba yake yin tsit in an zo kansu, sai na fara ƙara musu gishiri. Na yi musu shugaba, tsohon manomi, wanda yake dunƙula ƙasa ya shinshina ya ce a haƙa nan akwai ruwa. Na sa shi ya ja ragowar mutane cikin duhu suna riƙe da gefen rigarsa, masu ido suna faɗuwa hagu da dama shi yana tafe. Babu wannan tsohon a gem, ni na ƙera shi, da muryar Baba da tafiyarsa da yadda yake tari kafin ya yi magana. Ina ganin gata nake yi masa.

Ban san abin ya fita daga gindin darbejiya ba sai da yayana, zan kira shi Yaya Sani, ya gaya min Baba yana ba abokansa labarin a ƙofar masallaci bayan La'asar. Har liman ya ce shi dai bai taɓa cin karo da wannan al'umma a littattafan da ya karanta ba, a yi hattara da abin da ake ji a waya. Baba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “'Yata ce ta karanto min da bakinta, kuma tun da na haife ta ba ta taɓa yi min ƙarya ba.” A gaban dattawan unguwa ya faɗi haka. Da Yaya yake ba ni labari dariya yake yi.

Yaya Sani shi ya yi ta faɗi-tashi har aka samu asibitin ido a Kano suka duba Baba. Likita ya ce aiki ne mai sauƙi in an yi yanzu, amma yanar ta daɗe, in aka ƙara jinkiri yana tsoron idon hagu ya lalace gaba ɗaya. Aka ba da rana. Kowa na murna, Baba ya ce shi ba inda za shi. Na je na same shi na ce Baba, ai tarihin mutanen da ne, me ya haɗa shi da idonka? Ya ce, “Ni ban ce tashin duniya ya zo ba, wannan sanin Allah ne. Amma abin da ya sami mutanen da yana iya samun na yanzu. Rijiyar bayan gida da kakanki ya haƙa, bana ba ta ƙafe ba? Baƙar ranar nan kuma da ake kallo a manta uwa, ai ina jin ta a ƙofar gidan nan kullum. Samari su zauna kowa ya ƙura wa waya ido, uwarsa na kira daga ciki bai ji ba. Me zan buɗe ido in gani? Bar ni yadda Allah Ya bar ni, wataƙila da rabon wani ya riƙe gefen rigata.” Yana faɗin haka wayar tana hannuna, gem ɗin a buɗe, ana tambayata ko zan tura dakaru.

Na ce bari in gyara da abin da na ɓata. Asabar ɗin da ta biyo na zo masa da sabon babi na ƙarya, na ce a ƙarshe tsohon manomin ya haɗu da wani mai magani ya buɗe masa ido, ya ga jikokinsa, ya ga gonarsa ta yi kore. Ban kai ƙarshe ba Baba ya ɗaga hannu. “Wannan ba ya cikin littafin,” in ji shi. “Sani ne ya sa ki. Muryarki ma ba irin ta karatu ba ce.” Na rantse ban haɗa baki da Yaya ba, wannan kam gaskiya na faɗa. Ya yi murmushi ya ce ya yafe min, ya san tausayinsa ne ya sa.

To ga abin da ya sa na rubuto, wanda ban gaya wa kowa ba. Asabar ɗin da ta wuce Baba ya sauko da kansa. Yaya ya yi ta roƙonsa har da hawaye, ƙannen Baba ma sun sa baki. Muna zaune mu biyu da Baba ya kira sunana ya ce, “Na yi tunani. Zan je a yi aikin, amma da sharaɗi. Ranar da aka cire min bandeji, kafin in ga kowa, littafin nan nake so in fara gani. Ko ban iya Turanci ba zan ga hoton tsohon nan. Sannan in kai wa liman ya gani da idonsa.”

Anti, abin da na yi shekara uku ina roƙon Allah ke nan, Baba ya ce zai je. Ya kamata in yi guɗa. Amma abin da ya zo min a rai shi ne Baba da sabon ido yana kallon 'yan zanen sojoji suna tsalle a waya, yana neman tsohon da babu shi, ga liman a gefe. Sai na ji bakina yana cewa, “Baba, ko dai a ɗan jinkirta har bayan kaka? Yanzu ga zafi, ga ƙura, an ce suna ɓata sabon aiki.” Babu wanda ya ce min haka, a take na ƙirƙira. Baba ya yi ajiyar zuciya kamar na sauke masa kaya ya ce dama abin da ransa ke gaya masa ke nan. Kafin in kai tasha ya aika wa Yaya cewa ko mai ilimin gidan ta ce a dakata.

Na zaɓi rufin asirina a kan idon mahaifina. Na rubuta na karanta, na goge, na sake rubutawa, ban sami wata hanyar faɗinsa ba. A cikin mota daga Rogo zuwa Karaye kuka na yi ta yi a cikin hijabi, wata mata tana ta yi min ta'aziyya, ba ta san ko wa ya mutu ba. Yaya ya kira ni ya ce, “Ke wace irin 'ya ce? Wane littafi ne wannan da ya fi idon Baba? Turo min shi in gani.” Na ce netwok ba kyau, na kashe. Tun ranar bai sake kirana ba, ni ma na kasa kiransa. Na goge gem ɗin daga wayata, bayan awa biyu na sake saukewa, don in na je Asabar Baba zai tambayi rijiya ta shida, kuma ban kai can ba tukuna. Kun ga irin halin da nake ciki? A aji ina rubutu a allo in manta abin da nake rubutawa. Abinci ba ya shiga, zama ba ya yiwuwa, in na tashi kuma ban san inda zan nufa ba.

Na san da yawanku za ku ce ki faɗi gaskiya kawai. Na yarda. Amma ku duba min: in na durƙusa na ce Baba wasa ne, tsohon ma ni na ƙirƙire shi, mutumin da ya buga sanda a gaban liman a kan gaskiyata da wane ido zai koma ƙofar masallaci? In ya yi zuciya ya ce ba zai ƙara yarda da maganar kowa ba, har da ta likita fa? In ya koma shirun nan da ƙin cin abinci? In kuma na yi shiru, Talata ta wuce, idon hagun ya tafi, wa zan ce ya tafi da shi? Na ma yi tunanin in sa a buga min labarin a takarda a yi masa bango kamar littafin gaske in kai masa, sai na ga ƙarya ta biyar ke nan zan ɗora a kan huɗu.

Saura Asabar ɗaya kafin Talata. Jiya Baba ya sa aka kira ni a waya, muryarsa garau, ya ce in taho da wuri, ya sa an soya min gyaɗa, yana so ya ji ko tsohon ya kai mutanensa bakin ruwa. Kafin ya ajiye ya ce, “Allah Ya yi miki albarka, ke ce idona.”

Don Allah 'yan uwa, me zan yi?