Na ƙi shan mate da su, yanzu suna so in rufa musu asiri

Doña Ercilia, don Allah ki taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan kai wa kukana, domin waɗanda na saba kai wa su ne damuwar.

Ni nas ce a ɓangaren tsofaffi na wani asibiti a nan Paysandú. Kin san halinmu da mate, shayin ganyen nan namu: da an samu sarari sai a kewaye flas ɗin ruwan zafi, ƙoƙo ɗaya, bututun zuƙa ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan. Mai zuba mana kullum Nélida ce, babbarmu a wurin aiki. A hannunta na koyi yin allura, kuma ita ta riƙe 'yata ranar baftisma.

Da sanyin hunturun nan namu na watan Yuli ya kankama, Nélida ta zo aiki tana tari, idanu jajir. Ta ce 'yar mura ce, kuma in ta kwanta a gida wa zai riƙe ɗakin marasa lafiya? A nan kam tana da gaskiya, ba a taɓa aiko mana da madadi ba. A gaban marasa lafiya tana sa takunkumi, amma da mun shiga ɗakin hutu sai ta sauke shi a haɓa, ta zuƙi na farko, ta sake cikawa ta miƙo. Da aka zo kaina na ce a tsallake ni. Washegari na zo da ƙoƙona. Doña, ko iyayensu na zaga ba za su yi mini irin wannan kallo ba. Suka sa mini suna Gimbiya. Wata har da cewa bakin talakawa nake ƙyama, ni da nake wanke kashin tsofaffi kullum!

Kafin mako ya zagayo sun kwanta ɗaya bayan ɗaya. Gimbiyar ce ta rage a tsaye tana yin aikinsu. Sai cutar ta shiga marasa lafiya. Akwai Don Eusebio, wani tsohon makiyayi da aka yi wa aikin ƙugu, har an ce Juma'a zai koma gida, 'yarsa ta kawo masa takalmi da hularsa. Murar ta sauka masa a huhu, ya rasu. Ni na mayar mata da kayan a leda.

Yanzu asibiti ya kafa kwamiti, kuma ni suke son ji, tunda ni kaɗai ban kamu ba. Sauran sun haɗa baki a kan cewa masu zuwa dubiya ne suka kawo cutar. Jiya Nélida ta zo gidana da soyayyen fanke. Ba ta ba ni haƙuri ba. Ta dai tuna mini cewa baɗi za ta yi ritaya, da irin son da 'yata ke yi mata. Kuma har yau ƙoƙon yana zagayawa a ɗakin hutu. Raina a ɓace yake, Doña. In na yi magana na ci amanarta, in na yi shiru na ci ta mamacin.

Gimbiyar dole

Amsa

'Yata, ɓacin ranki yana kan hanya. An yi miki ba'a, kin ɗauki nauyin masu ba'ar, sannan ana neman ki yi musu ƙarya. Amma kada fushi ya tafi kwamiti a madadinki.

Ba ki san tabbas ta inda cutar ta kai ga Don Eusebio ba. Mura tana bin numfashi da hannu, kuma mai zuwa dubiya ma yana iya kawo ta. Nélida ba muguwa ba ce. Ta zo aiki da zazzaɓi ne saboda an bar ku ba madadi, wannan kuwa laifin na sama ne, ki faɗe shi da ƙarfi. Sai dai ta fi kowa sanin abin da bututu ɗaya ke yi a lokacin mura, ta kuma miƙa.

Ki je wurinta kafin ranar zaman. Ki gaya mata ba za ki ce ita ta kashe kowa ba, ba kuma za ki ce ba ki ga komai ba. Ki roƙe ta ta faɗa da bakinta, hakan ya fi mata mutunci, kuma abokan aikinku maganarta za su ji a kan kowa ya zo da ƙoƙonsa. In ta ƙi, ki faɗi abin da idonki ya gani, kada ki ƙara ko gishiri.

Ba zan ruɗe ki ba, mai yiwuwa ki rasa ta, kuma zai yi ciwo. Amma Nélida tana da baki, tana da masu tsaya mata. Tsohon da ke kwance yau a ɗakinku bai ma san ana wannan magana ba, kuma numfashinku yake shaƙa. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sanyaya miki rai.

Ercilia