Jakar Waken da Aka Sace a Haikali

Zuwa ga Goggo Fusae,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kina lafiya ke da Kawu Shigeru, kuma sanyin Kanada bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Mu nan Tokyo zafi ne kawai ya dame mu. Baba yana aiki, Mama ta warke daga tari, Kaka Sumiko kuwa tana nan da tsokanarta, har yanzu Bebiya take kirana wai sai an biya ni nake magana.

Goggo, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. Malama Hoshino ta ba mu aikin hutu, kowa ya kawo labarin wani dattijo ko dattijuwa a gidansu na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya karanta a gaban aji da iyaye. Na zaɓi labarin Kaka da kika sani: yadda aka kwashe 'yan makarantarsu zuwa wani haikali a Nagano saboda bama-bamai, da yadda mahaifiyarta ta cika mata 'yar jakar ƙyalle ta wasan cafke da gasasshen waken suya don ta ci a ɓoye, sai wata yarinya ta sace ta cinye. Kullum Kaka tana ƙarewa da cewa ta yafe mata tuni.

Malama ta ce mu haɗa da bincike, shi ya sa na je ɗakin karatun gidan tarihin yaƙi. Na tarar da wata ma'aikaciya a bakin ƙofa. Ma'aikaciyar ta karɓi jakata ta sa a akwati, ta ce fensir kaɗai ake shiga da shi. Da na faɗi sunan makarantar su Kaka, sai ta zaunar da ni gaban allo, ta kunna mini faifan tsofaffin ɗalibai suna ba da labari.

A ciki akwai wata tsohuwa, Tomie Kuwabara. Haikalin ɗaya ne, jakar ma ja ce mai zanen furanni, kamar yadda Kaka ke faɗa. Amma ita cewa ta yi jakarta ce, uwarta ta ɗinka, kuma Sumi da ke kwana kusa da ita ce ta farke ta ta cinye waken, ta cika ta da tsakuwa. Tana faɗa tana dariya, wai Sumi ɓarauniya ce mai kirki, don ɗinkin da ta mayar ya fi na asali kyau. Na maimaita wurin har ma'aikaciyar ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

Sumi dai gajeren sunan Sumiko ne, ko da yake wataƙila akwai wata Sumi a ajin. Amma kin san hannun Kaka a ɗinki. Da muna cin abinci na tambaye ta ko ta san wata Tomie. Ta ajiye tsinken cin abincinta, ta ce yau Bebiya ta yi baki, sannan ta hau faɗan cewa Mama ta cika wa miya gishiri. Tun ranar, in na ɗaga kai sai in ga tana kallona. Goggo, ke ta taɓa ba ki labarin ta wata fuska?

Kaka ta riga ta goge rigar da za ta sa ranar karatun, ta ce a layin gaba za ta zauna. Ba zan iya cewa an yi mata sata ba, ba kuma zan iya kunyata ta a gaban mutane ba. Na sake rubuta aikin. Zan ce yara biyu ne masu jin yunwa, ɗaya ta ci waken ɗaya, ba tare da suna ba. Daga nan zan ɗaga kai in dubi fuskarta.

Ki gaishe mini da Kawu Shigeru da Yaya Akane da jaririnta. Don girman zumunci kada ki kira Baba kan wannan.

'Yarki mai ƙaunarki,
Chizuru