Ki Sauke Kofin Nan Daga Bakin Mama

Jurema,

Ina gaishe ki, tunda haka aka koya mana. Yaya ƙafar Mama? Yaya zafin Valadares, da mijinki Aderbal, likitan da bai taɓa shiga aji ba?

Na ji kullum da safe kina niƙa ganyen kabeji cike da kofi kina ɗura wa Mama, wai kin gani a waya bitamin K na ƙarfafa ƙashi da zuciya. Gaskiya ne, ga mai lafiya. Amma Mama maganin tsinka jini take sha tun da aka yi mata aikin zuciya, bitamin ɗin kuwa karya ƙarfin maganin yake yi. Ɗan ganyen da ta saba ci da wake ba laifi. Kofin nan ne zai daskarar mata da jini.

Da na kira, kika ce, "Sannu, malam mai wankin kwano! Kai da ka gudu, me ka sani?" Shekara ashirin na yi ina haɗa magani kafin in zo Newark, nan Amurka, wankin kwanon, ƙanwata. Hannuna ne ya tsage, ba ƙwaƙwalwata ba.

Ni lafiya lau. Ƙugun da na buga a ƙanƙara yana barina in tsaya.

Ki kai ta a auna jininta gobe. Ba ni da takardun da zan zo gida in iya dawowa. Jana'izar Baba a waya na kalla, kina riƙe da ita a karkace. Kada ki sa in kalli ta biyu.

Allah ya raya Mama.

Yayanki,
Valdomiro