Wutar Wankan Jegon da Na Daina Hurawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki irin sallamar da ake yi wa waɗanda suka riga mu, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki. Na san ba a aika wa mamaci takarda, kuma ban sa a raina za ki karanta ba. Sai dai akwai maganar da in ba ke na fuskanta da ita ba, ba za ta fito mini daidai ba. Matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurina da la'asar za su gani a wayoyinsu, kuma ina so su gani.

Bayan haka, Inna, takwararki ta sauka lafiya. Ummi ta samu ɗa namiji. Daga Mashi aka kawo mini ita goyon ciki, tunda haihuwar fari ce, kamar yadda aka kawo ni wurinki sa'ad da nake ɗauke da cikinta.

Ba a ɗaki ta haihu ba. Bayan rasuwarki an gina mana ƙaramin asibiti a bayan masussuka, ta hanyar Baure. Ba wani babban gini ba ne, 'yan ɗakuna ne da rumfar kwano da bencina, sai randar ruwa a gindin bishiya. Akwai wata ma'aikaciya 'yar Mai'adua, Sista Zulai, ita ke awon ciki da karɓar haihuwa. Awo ba a karɓar komai. Abin da ake biya na kati da magani kuwa, mai tuyar ƙosai tana iya fitar da shi daga cinikin safiya. Kin san yadda muke a da. Kafin a kai mutum Daura sai an kama akuya an kai kasuwa, don haka ba a kai shi sai ya daina gane masu gaishe shi. Yanzu mace na iya ɗora tukunya, ta je a duba ta, ta dawo ba ta ƙone ba.

Dangin mijinta sun yi abin da ya kamata. Tun kafin haihuwa suka aiko da itacen wanka, busasshen marke, aka jibge shi a tsakar gida har ya kusa kai katanga. Ga kanwa, ga gero, ga kayan yaji. Ni kuma na kama aiki kamar yadda kika koya mini. Da asuba in tafasa ruwa, in jiƙa ganyen darbejiya in fyaɗa mata, da yamma in sake. Kunun kanwa ba ya yankewa a ƙwarya.

Bayan suna sai na ga ƙafafunta sun fara kumburi. Takalminta ya ƙi shiga. In ta taka daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta tsaya tana haki, in ta kwanta sai tari ya tashe ta, har ta koma yin barci a zaune ta jingina da bango.

Na san wannan zaman, Inna. Haka Yaya Binta ta zauna.

Ina yarinya a lokacin, ni ke ɗebo miki ruwa. Ina tuna ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinki, fuskarta ta cika, jaririyar na kuka ba ta iya ɗaga ta. Tsofaffin unguwa suka taru suka ce sanyi ne ya shige ta. Kika ce, "A ƙara wuta, a ƙara kanwa, ba zan bar 'yata ɗanya ba." Kina tashi kafin ladan, hannuwanki duk sun saɓule da ruwan zafi, ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Ba ta kai arba'in ba.

Ban kawo wannan don in ɗora miki komai ba, Allah Ya sani. Kwananta ne ya ƙare. Abin da ke hannunki a lokacin wuta ne da kanwa da addu'a, kuma kin ba da su duka. Da an ce miki akwai ɗaki a bayan masussuka inda za a duba ta, na tabbata da goya ta za ki yi ki kai ta.

To ni akwai ɗakin. Na samu mai mashin ya ɗauki Ummi, na bi su a ƙafa da jaririn.

Sista Zulai ta danna ƙwaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta auna jininta, ta saurari ƙirjinta ta daɗe. Sannan ta jawo benci ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Malama, ba sanyi ba ne, zuciyarta ce ta gaji. Kanwa tana tara ruwa a jiki kamar gishiri, zafin wankan kuma yana ƙara wa zuciyar aiki." Ba ta zagi iyayenmu ba. Har ta yi dariya ta ce ita ma da kunun kanwa aka yi jegonta, kuma tuhumar da kakarta ke yi mata har gobe ita ce ta shiga aikin masu hana mata warkewa. Amma ta ce, "Wannan dai, in aka ci gaba, ina jin tsoro." Ta tura mu babban asibiti a Daura, ta buga waya tun kafin mu isa don kada mu yi ta yawo a ƙofofi. Can aka tabbatar da maganarta, aka riƙe Ummi 'yan kwanaki, aka sallame mu da magani, aka ce mu riƙa zuwa ƙaramin asibitinmu ana duba ta. Sharaɗin a bayyane yake: ruwa mai ɗumi kawai, ba kanwa, gishiri kaɗan.

Na ɗauka wahalar ta wuce. Na manta da hayaƙi.

Kin san garin nan. Gidan da ke da mai jego, da hayaƙinsa ake gane shi, safe da yamma. Namu ya ɗauke. Ba a jima ba Larai maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, itacen ne ya jiƙe ko ashana ce ta yi tsada?" Na kira ta ciki na faɗa mata komai. Larai mai son mutane ce, bakinta ne kawai ba ya hutawa. Ta ce, "To mene ne abin wahala? Ki hura wutarki, ki tafasa, ki shiga banɗaki ki sirka. Hayaƙi ake kallo, ba mai zuwa ya tsoma hannu a baho. Kunun kuma ki dama farau-farau, ki ajiye ƙwaryar kanwa a gefe don masu barka."

Ba zan ɓoye miki ba, shawarar ta yi mini daɗi. Da ita Ummi za ta warke, surukai su yi shiru, ni ma in tsira da mutuncina. Har na ɗauko itace na jera a murhu.

Sai na tuna matan da ke zama a tsakar gidan nan da allunansu. A cikinsu akwai masu ciki, akwai masu 'ya'ya mata da suka isa haihuwa. Duk sun ga kumburin Ummi. In ta warke alhali hayaƙi na tashi, me za su ce? Za su ce wutar Malama ce ta kore sanyin. Gobe in wata ta kumbura, a ƙara mata wuta, a ce ai haka aka yi a gidan Malama. Ban buɗe baki na yi ƙarya ba, amma na yi ta da hayaƙi, kuma wata ce za ta ɗauki nauyinta a jikinta. Na tuna lokacin da kike aunar gyaɗa a ƙofar gida, kika kama ni ina jera manya a saman mudu. Ba ki doke ni ba. Kika juye mudun kika ce, "Bari mai saye ya ga abin da zai ci." Na kwashe itacen na mayar.

Da la'asar bayan mun shafa fatiha na faɗa wa matan da bakina. Na ce na daina wankan tafasasshen ruwa, na daina ba ta kanwa, asibiti ne suka ce, kuma na yarda da su. Wasu suka sunkuyar da kai. Washegari tabarmar ba ta cika ba.

Labari ya kai Mashi. Hajiya Kande, uwar mijin Ummi, ta zo da kanta a motar kaya, ɗanta Lawal na biye da ita. Ta shigo, ta dubi tarin itacen, ta dubi murhu. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo fura, ba ta taɓa ba. Ta ce, "An ce mana gidan malamai muka nemi aure, ashe gidan likitoci ne." Ta ce, "A danginmu ba a taɓa mayar mana da mace ɗanya ba. Ku haɗa mata kayanta, ni zan yi mata wankan a ɗakina."

Inna, kin san ni. Tunda aka haɗa surukuta ban taɓa ɗaga ido na dubi matar nan ba. Kuma Ummi 'yar fari ce. Ke kika koya mini kunyarta, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa nuna a gaban mutane cewa na damu da ita ba. A al'ada, in ana maganarta, tashi zan yi in ba da wuri. Ƙafafuna sun so tashi.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba za ta tafi ba."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta maimaita maganarta da ƙarfi, ni kuma na maimaita tawa yadda na faɗe ta da farko, don ba ni da wata. Na ce asibitin ga shi nan kusa, mu taka tare ta ji da kunnenta. Ta ce, "Yarinyar da aka yanke wa cibi jiya ce za ta koya mini jego? Na haifi Lawal, na haifi ƙannensa, da wace allura na warke?" Gaskiya ta faɗa, ta warke. Mata da yawa sun warke. Na ce mata haka ne, amma ba kowace zuciya ke ɗauka ba, kuma na taɓa ganin wadda ba ta ɗauka ba.

Lawal yana zaure yana jin komai. Shi ne mai iko da matarsa, in ya ce a tafi, ba ni da ta cewa sai roƙo. Yaron nan ya yi sallama ya fita. Ashe asibitin ya nufa. Ya jira layinsa a benci cikin mata masu goyo, ya ga Sista Zulai, ya yi tambayoyinsa. Da ya dawo ya durƙusa gaban uwarsa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Hajiya, a bar ta nan tukuna." Allah Ya yi masa albarka, na san abin da wannan kalmar ta ci masa.

Hajiya Kande ta miƙe. Ta ce tunda ba a buƙatar itacensu, a loda musu abinsu. Aka yi ta fitar da shi ta ƙofar gida da rana tsaka, unguwa na tsaye tana kallo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na raka ta har bakin mota na yi mata Allah Ya kiyaye hanya, ta kau da kai ta hau.

Ga inda na tsaya, Inna, kuma ina so ki ji daga gare ni. Ummi ba za ta koma ba sai asibiti sun ce ta koma, ko da an wuce arba'in. Ranar Juma'a zan hau mota in je Mashi in durƙusa wa Hajiya Kande in ba ta haƙuri, don babba ce kuma don ƙaunar yarinyar ta yi abin da ta yi. Zan ba ta haƙuri a kan ɓacin ranta, ba a kan wankan ba. In ta kore ni zan sake komawa. Matan da suka daina zuwa karatu, zan bi su gida-gida in gaishe su. Duk wadda ta haihu a cikinsu kuma, kafin a ɗora mata tukunya, zan ce mu je bayan masussuka a auna ta tukuna. Wadda mijinta ya hana, maigidana Malam zai je ya same shi. Ba ni da ƙarfin murya, amma ina da ƙafa.

Jiya ranar awon Ummi ce. Na ce a kira mai mashin, ta ce a bari. Ta goya ɗanta, muka fita a ƙasa. Sista Zulai ta duba ta, ta ce da sauƙi sosai, amma ba a gama ba, magani zai ci gaba, kuma kada a yi gaggawar wani cikin. A hanyar dawowa rana ta yi zafi, ga yashi. Ina tafe ina lissafin abin da zan faɗa a Mashi, da na ɗaga kai sai na hango ta can gaba ta kusa shiga gari. Ni ce na ɗaga murya na ce ta jira ni.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya jiƙan Yaya Binta, Ya haɗa ku a inuwar da ba zafi. Allah Ya ƙarasa wa Ummi lafiyarta, Ya raya abin da ta haifa a kan addini. Ya sanyaya zuciyar Hajiya Kande. Ya saka wa masu aiki a ƙaramin asibitin nan da alheri, Ya sa kada ƙofarsa ta rufe a kan talaka. In na yi daidai daga Allah ne, in na kuskure Ya yafe mini.

Wassalamu alaikum.

'Yarki mai yi miki addu'a bayan kowace salla,
Sa'adatu.