Ɗigon Jan Farce Uku a Fuskar Wayata

Hajiya Balaraba, a taimaki dattijo, ana shirin yi masa juyin mulki a cikin wayarsa.

Ni manomi ne a Burumburum. Bokona a aji huɗu ya tsaya, ranar da aka fara dogon lissafi na ga ba da ni ba. Hausa ina karantawa, ina rubutawa kamar yadda kike gani. Turanci kuwa daga nesa muke gaisawa. Duk da haka, a majalisarmu ta bakin masallaci ni ne mai duba ruwa. Sai in buɗe burauza, manhajar nan ta shiga intanet, in leƙa shafin hasashen yanayi, in ga zanen gajimare a ƙarƙashin ranaku, in gyara hula in ce kada kowa ya zuba taki ran Laraba. Galibi kuma a dace. Har daga rugagen gefen Falgore ana aiko mini tambaya.

Sirrin kuwa, 'yata Rufaida ce, kafin ta tare a Kiru, ta ɗiga mini jan farce wuri uku a kan gilashin kariyar wayar. In danna na sama, na tsakiya, na ƙasa, shafi ya fito. Ita kaɗai ta sani. Jama'a sun ɗauka goro ne ya fantsama.

Bara waccan, burauzar ta sabunta kanta ba sallama, komai ya canza mazauni. Ina tsakiyar mutane na danna ɗigona uku, sai ga tallar man bilicin, wata tana ta murmushi. Wata guda cur ana tambayata ko man ya karɓe ni. Rufaida ta zo ta sake ɗigo, na sa ta kashe sabuntawar nan ta kai-tsaye. Tun ranar burauzata ba ta motsa ba, ni ma ban motsa ba.

To yanzu shafin ya fara yanga, wani lokaci gajimare ya fito babu ranaku. Babban ɗana Mas'ud, malamin makaranta ne a Tudun Wada, ya ce tsufa ne, sai an sabunta, wai tsohuwar burauza ƙofa ce buɗe ga ɓarayi. Su ɗauki me? Hoton ragona? Ran Juma'a ma na kama shi yana kankare ɗigon sama, wai datti ne. Na fizge abata. Shi har gobe ya ɗauka Turancin nake karantawa, yana ma yi wa abokansa alfahari da ni. Yaron da na goya a keke zuwa firamare ba zai riƙe mini yatsa yana cewa Baba danna nan ba.

Wayata ce. Wa ya ba masu manhajar nan izinin shigowa su jujjuya mini kaya? Ga damina ta kawo kai, mutane na jira in ce a shuka masara. Ki koya mini kullen da ko Mas'ud ba zai iya buɗewa ba. Shawarar sabuntawa kuwa ki riƙe abarki, na ƙoshi.

Mai Duba Ruwa

AMSA

Malam Mai Duba Ruwa, ka ba ni dariya, kuma ina bayanka a rabin maganar. Masu ƙera manhajojin nan ba sa tuna wanda ya haddace su da yatsa. Kashe sabuntawar kai-tsaye haƙƙinka ne, manyan ofisoshi ma suna yi don kada aiki ya rikice musu da rana tsaka. Sai dai su suna tsayar da ranar da za su sabunta da hannunsu. Kai shekara biyu ke nan ba ka tsayar ba.

Kullen da kake nema ba zai cece ka ba. Shafin ne ke yin gaba yana barin burauzarka. Yau ranaku sun ɓace, gobe gajimaren zai bi su, wataƙila a makon shuka. Mas'ud ma yana da gaskiyarsa. Ba rago ake nema ba, sunanka ake so a sata, a yaudari mutanen da suka yarda da kai.

Kafin ruwan shuka, kira Rufaida, a sa sabon gilashi. Kai da yatsanka za ka danna sabuntawar, a ɗakinka, ba a majalisa ba. Ta ajiye maka alamar shafin a fuskar wayar, dannawa ɗaya ya buɗe, irin wannan ba ta cika gusawa ba. Sabuntawar kai-tsaye ka bar ta a kashe in ka so, amma duk wata ka yi da kanka, ka gwada kafin ka fita.

Sannan ka gaya wa Mas'ud sirrin ɗigon. Kiru da nisa, shi ne kusa da kai. Da bakin nan naka, cikin raha za ka faɗa ya wuce, ya fi ya gano da kansa ranar da waya ta tsaya maka a gaban jama'a. In da alfahari ne, yanzu ma zai fara: ubansa ya yi shekaru yana gaya wa gari ranar ruwa, ba ya jin Turanci ko kalma goma.

Allah ya ba ku damina mai albarka, ya shirya maka zuri'a.