Furen da Na Ce Na Gani a Fadama

Ain Draham, 9 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Wasila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Lutfi da jikokina. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sa zamanku a Kanada ya ci gaba da zama alheri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Gwaggonki Habiba ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta. Matar ɗan'uwanki Nabil ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Salsabil. Man zaitun da kuskus ɗin da kika roƙa suna hannun Hajiya Zakiya, za ta taho da su.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali kullum muna waya. Dalilin shi ne duk lokacin da kika kira Babanki yana zaune a gefena, kunnensa kuwa ya ƙara kaifi tun da idonsa ya ragu. Maganar idon ce na daɗe ina rage miki. Tun watan Fabrairu likita ya ce yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagu ma ya kama hanya, ya sa ranar aiki cikin Afrilu. Babanki ya ce atafau. Wai bana shekara talatin cif da ya kafa turakunsa na ƙarfe a wurare uku, a tsaunukan Maktar da bakin tekun Tabarka da fadamar da ke bayan garinmu, kuma dole ya koma ya ƙirga tsirran da ke tsakaninsu a daidai watannin da ya ƙirga su da fari. Ya ce likita zai iya jira, fure kuwa kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Na tambaye shi da wane idon zai yi ƙirgan, tunda ya yi ritaya daga koyar da ilimin tsirrai, ɗalibansa duk sun watse. Ya ce da nawa.

Haka na zama ɗaliba da furfurata. Mukan nemo turakun nan huɗu, mu zagaye su da igiya, in durƙusa a ciki in riƙa faɗa masa abin da nake gani, shi kuma ya shafa ganyen, ya murza, ya sansana, ya faɗi sunan in rubuta. A Maktar muka fara, inda iska ba ta barin mutum ya ɗaura ɗankwali. Can na yi kiwon awakin kakarki ina yarinya, don haka ciyawar halfa da tazargade da sauran 'yan uwansu ba baƙina ba ne. In na ce masa ga wadda awaki ke ƙi, sai ya jero mini wani suna na Latin mai tsawo kamar igiyar rijiya, in ce masa duk tsawon sunan dai awaki ba sa ci. Tun daga ranar yake kirana Hajiya Farfesa. Wurin bai canza sosai ba, sai dai halfar ta yi ƙaranci. A Tabarka muka tarar teku ta cinye turaku biyu da rabin filin. Ya yi dariya ya ce ita teku ba a kai ƙararta, muka ƙirga abin da ya saura, muka ci gasasshen kifi muka dawo.

Fadamar ce ta ba mu wuya. Kin tuna yadda ƙasarta ke lotsawa ƙarƙashin ƙafa kamar katifa, gansakuka ta sha ruwa kamar soso? Wasila, yanzu mutum zai ratsa ta da takalmin zuwa biki. Ban ga turakun ba sam, sai da Babanki ya cire takalmi ya riƙa lalube da tafin ƙafa har ya taka kan ɗaya. A tsohon littafinsa iri ashirin da uku ne a wurin. Na duba iyakar dubawata na samu goma sha huɗu. Daga nan ya tambaye ni wani ɗan tsiro mai rarrafe, mai fure ruwan hoda da bai fi ƙwayar wake ba, wanda ya ce a duk yawonsa nan kaɗai ya taɓa ganinsa. Na ce ina dubawa. Ya sake tambaya, na ce ina dai dubawa. A karo na uku na ɗaga kai na gan shi tsaye ba takalmi, wandonsa a naɗe, ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton nake, alhali na matsa gefe. Sai na ji bakina ya ce ga shi nan, guda biyu, ƙanana. Ya ce in miƙo masa ya taɓa, na ce sun yi ƙanƙanta, tsoro nake in karya su. Ya yi hamdala, ya ce in rubuta. Na rubuta da hannuna.

Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Shi kuwa har waƙa yake yi a tsakar gida, yana gaya wa Gwaggonki cewa muddin wannan tsiro na nan, fadamar ba ta mutu ba, ruwa ne kawai ya yi ƙaranci bana. Wannan maganar ce ta fi damuna, domin na ga ƙaryata ta fara haihuwa. Rana ta huɗu da safe na kawo masa shayi da burodi, na zauna na ce, “Si Munsif, furen nan ban gan shi ba. Tausayinka ne ya sa na faɗa.”

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ajiye kofin, sannan ya tambaye ni ko akwai wani abin kuma da na ƙara a Maktar ko a Tabarka. Na rantse masa babu. Ya ce to in ɗauko littafin da igiya.

Muka koma muka sake ƙirgan tun daga farko, tsiro bayan tsiro, har rana ta take. Goma sha huɗun nan dai su ne. Ya sa na ja layi ɗaya a kan abin da na rubuta, ya hana ni gogewa, na sa sifiri a gefe. Muna cikin haka wata tsohuwa mai kiwon shanu, Inna Zina, ta tsaya tana kallonmu, ta tambaya ko zobe muka yar. Da na gaya mata abin da muke nema, sai ta ce ai ba tsiro kaɗai ba, kwaɗi ma sun yi ƙaura tun shekarar da masu gyaran hanya suka haƙa lambatu a sama suka karkatar da ruwan marmaro. Ta kai mu ta nuna mana. Ga ruwan nan yana ta zuba cikin kwazazzabo, fadama na ƙasa tana mutuwa da ƙishi. Ranar farko ba mu tsaya neman dalili ba, don na riga na ce komai lafiya.

A hanyar dawowa ina riƙe da hannunsa saboda duwatsu, na roƙe shi gafara. Ya ce, “Mabruka, shekara talatin da biyar ina koyarwa. Na san ɗalibai da yawa sun rubuta mini abin da ba su gani ba. Ke kaɗai ce kika dawo kika faɗa.”

Satin da ya biyo ya ɗauki littattafan biyu, tsohon da sabon, muka je wurin ma'aikatan gandun daji. Sun zo sun duba, sun ce za a toshe lambatun da duwatsu kafin ruwan kaka. Ko furen zai dawo, Allah kaɗai Ya sani. Babanki ya ce irin wasu tsirrai kan kwanta a ƙasa shekaru yana jiran ruwa, amma ba zai rubuta komai ba sai ya fito. Ya kuma yarda da aikin ido, an sa ranar ashirin ga wannan wata. Likita ya ce jinkirin bai yi ɓarna mai yawa ba, sai dai na dama ba lalle ya koma kamar da ba. Kada ki tayar da hankalinki ki taho yanzu, Nabil zai kai mu, Gwaggonki za ta zauna da ni. Ki bari sai Agusta yara sun samu hutu, lokacin zai iya ganin tsawon da suka yi.

Abu ɗaya nake roƙonki, in kun yi waya kada ki nuna masa kin san wannan labari. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin yadda matarsa ta ƙirga masa tsirran wurare uku ba ta tsallake ko ɗaya ba. Maganar furen kuwa bai gaya wa kowa ba, ko Gwaggonki ba ta sani ba. Ni ce na kasa riƙewa, na ga gara ki ji daga bakina.

Ki gaida Lutfi da kyau, ki ce ina godiya da maganin da ya aiko. Ki shafa mini kan Sirin da Ilyas, ki ce kakarsu ta ajiye musu zumar dutse. Gwaggonki Habiba da Nabil da maijego duk suna gaishe ku. Ki sa Babanki cikin addu'a ranar ashirin. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce mahaifiyarki,
Mabruka