Hular Baba a Ajin Zane

Daren Laraba, 15 ga Oktoba

Yau ma muryata ta ƙi fita.

Na daɗe ina shirya bayanin Art Deco na darasin zane, kuma na san shi sarai. Salo ne na layuka masu kusurwa da zane mai kama da mafici. Sunan kuma an gutsuro shi ne daga sunan wani baje kolin kayan ado da aka yi a Paris a 1925. Har hular Juma'ar Baba na ara, don 'yan ajinmu su ga masu ɗinkinmu ma suna irin wannan zanen.

Da Malama ta kira ni, na miƙe riƙe da hular, sai na ga idanu ko'ina. Na ce "Paris", shi ke nan, harshena ya yi nauyi. Ƙawata Maryam tana raɗa min da Larabci, "Yalla, Hafsa, maza!" Malama ta ce, "Khalas, ya isa, zauna. Lahadi ce damarki ta ƙarshe, in ba haka ba babu maki." A nan ƙasar Larabawa ranar Lahadi ake fara makon makaranta.

Da Baba ya dawo daga garin Wakrah ya ce, "Uwata, hulata ta burge Larabawa?" Na ce an ɗaga sai Lahadi. Ya ce, "To riƙe ta, jibi sai in sa tsohuwar." Da ma ya san abin da ya faru ya yi min faɗa, da ya fi min sauƙi.

Ɗazu na tsaya gaban madubi na faɗi komai tiryan-tiryan, ko tuntuɓe ban yi ba. Amma ranar Lahadi ba madubi zan tarar a aji ba. Ya Allah, yaya zan yi?